Littafin Marayun Baudelaire: In Bar Yaro Ya Ci Gaba Ko In Ƙwace?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Ƙanena ya zo hutu ya kawo wa Haidar littattafai uku na Turanci, ya ce za su gyara masa harshe. Yaron shekararsa 11. Na farko sunansa The Bad Beginning, wato mummunan farawa, marubucin kuma Lemony Snicket. Na ga zane a bango, na ce ai na yara ne, ban ko buɗe ba.

Shekaranjiya bayan isha'i an ɗauke wuta, na leƙa ɗakinsu na tarar da shi kwance rub da ciki yana haska littafin da tocilan, idonsa ya yi ja. Na ce lafiya? Ya ce, "Mama, me ya sa babu wani babba da ke yarda da su?" Na karɓe littafin, jiya na zauna na karance shi tas kafin la'asar.

Yara uku ne, Violet mai shekara 14, Klaus mai 12, da jaririya Sunny. Suna wasa a bakin teku wani ma'aikacin banki, Mista Poe, ya zo ya gaya musu gobara ta cinye gidansu da iyayensu. Akwai dukiya mai yawa, amma ba za a taɓa ta ba sai Violet ta kai shekarun girma. Aka kai su riƙo wurin wani ɗan uwansu na nesa, Olaf, ɗan wasan kwaikwayo, mashayi, ƙazami. Gado ɗaya ya ba su su uku. Ya sa su faskare da girki, ya mari Klaus a gaban baƙi. Daga ƙarshe ya shirya auren Violet da dabara don ya mallake gadon. Yarinya 'yar 14! Ya kuma rataye jaririyar cikin kejin tsuntsu a saman hasumiya don kada yayarta ta ce a'a.

Abin da ya fi damuna, littafin ya ƙare mugun ya tsere, ba a kama shi ba. Yanzu Haidar yana neman na biyu, ni kuma na ɓoye su a ƙasan akwatina. Me kuka gani?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam. 'Yata, bar su a ƙasan akwatin. Yaro ɗan 11 me ya haɗa shi da labarin auren dole da rataye jarirai? Mu da aka yi mana tatsuniya a tsakar gida, mugu ba ya kai ƙurunƙus da ransa. Ko kishiyar uwa ce sai ta ga sakayya tun a duniya. Labarin da azzalumi ke tafiya abinsa yana dariya, me yaro zai koya?

Malamin Turanci:
Hajiya, da girmamawa, bari in ɗan saɓa miki. Littattafan jeri ne guda goma sha uku, na karanta duka, kuma na sha ba ɗalibaina na aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare. Na farko ya fito a 1999, na ƙarshe a watan Oktoban 2006, ranar Juma'a 13 ga wata, da gangan, domin Turawa na camfa wannan rana. Kowane littafi babi 13 ne, sai na ƙarshen da aka ƙara wa wani ɗan babi a baya. Lemony Snicket ma ba sunan gaskiya ba ne, mutumin sunansa Daniel Handler, ɗan San Faransisko a Amurka, an haife shi a 1970.

Maman Haidar, ba a yaudari ɗanki ba. Tun a layin farko mai ba da labarin ya gargaɗi mai karatu cewa in ƙarshe mai daɗi yake so, gara ya nemi wani littafin. Bayan bangon ma haka yake, roƙonka yake ka ajiye. To kin san yaro, ka ce masa kar ya taɓa, shi ke nan ka aike shi. Kuma ƙanenki ya yi gaskiya kan Turanci: duk inda kalma mai wuya ta faɗo, sai marubucin ya tsaya ya bayyana ma'anarta a wannan wurin, sau da yawa cikin zolaya. Ɗalibaina sun fi riƙe kalmomin da suka tsinta a nan fiye da waɗanda na rubuta musu a allo.

Hajiya Kaka:
Malam, Turanci ba shi ne tarbiyya ba.

Malamin Turanci:
Gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Amma duba abin da yaran ke kare kansu da shi. Babu tsafi, babu bindiga, babu aljanin da zai zo ya taimaka. Klaus ya kwana yana karanta littafin dokar aure da ya ɗauko daga ɗakin karatun maƙwabciyarsu, alƙaliya Strauss, da asuba ya gano cewa wasan kwaikwayon da Olaf ya shirya aure ne na gaske: alƙaliyar da za ta fito a wasan alƙaliya ce ta ainihi, takardar ma ta ainihi ce, shi kuma a matsayinsa na mai riƙo shi ne zai ba da izini tunda yarinyar ba ta kai ba. Violet ta ƙera ƙugiya da igiya daga tarkacen gida ta hau hasumiyar don ceto ƙanwarta. An kama ta, amma ta hau. A ranar wasan kuma sai ta sa hannu da hagu alhali ita ba bahaguwa ba ce, doka kuma ta ce amarya ta sa hannu da hannunta na ainihi, auren ya ɓaci. Karatu da tunani ne suka fitar da su. Ni dai ina son yarona ya ga wannan.

Sarkin Zolaya:
Wato da bahaguwa ce da an ɗaura ke nan? Allah ya tsare bahagwai.

Maman Haidar:
Kai Sarki, ana maganar arziki. Amma wallahi ni ma wurin nan ya ɗan yi mini rauni. Sa hannu da hagu ya warware aure? A ce dai labari ne.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Ni da Faransanci na karanta shi ina makaranta, sunan na farkon Tout commence mal, ma'ana komai ya fara da muni. Mu nan sunan yaran ne ya fara ja mana hankali, domin Baudelaire sunan wani shahararren mawaƙin Faransa ne na ƙarni na 19, wanda aka sani da waƙoƙin baƙin ciki. Shi ma Poe daga sunan marubucin Amurkan nan mai labaran tsoro aka ɗauko shi. Marubucin ya cusa irin waɗannan abubuwa da yawa don manya su tsinta, yara su wuce.

Amma ni tambayar Haidar ce ta tsaya mini, domin yaron ya kama bakin zaren da manya da yawa ba su kama ba. Olaf ba shi ne abin tsoro a littafin ba. Olaf kura ce, kowa ya gan shi ya san kura ce: girarsa a haɗe take guda ɗaya, da zanen ido a idon sawunsa na hagu, gidansa kamar juji. Abin tsoron shi ne Mista Poe, mutumin kirki mai tari da hankici, wanda ba ya sata, ba ya duka, ba ya ƙarya. Shi ya ba kura ajiyar nama don kawai Olaf ne dangin da ke zaune cikin gari. Da yaran suka yi tattaki har banki suka kai ƙara, ga shatin mari a fuskar Klaus, sai ya ce musu mai riƙo yana matsayin uba, yana da ikon ya rene su yadda ya ga dama, yana magana yana amsa waya. Bai tsaya nan ba, ya je ya gaya wa Olaf cewa yaran sun kawo ƙararsa! Ku duba fa.

Maman Haidar:
Wallahi nan wurin ne na ajiye littafin na tashi na sha ruwa. Sannan a ƙarshe, alƙaliyar nan da ke son su tsakani da Allah ta ce a bar mata su, yaran na murna, shi kuma ya ce wasiyyar iyayensu ta ce dole sai dangi. Ya zuba su a mota ya tafi da su.

Ɗan Damagaram:
Yauwa. Kuma haka abin ke maimaituwa. A na biyu an kai su wurin kawunsu Monty, masanin macizai, mutumin kirki, Olaf ya zo da gemu da sanƙo ya ce sunansa Stephano. A na uku wurin gwaggonsu Josephine, mai tsoron komai har murhu da wayar tarho, ya zo a matsayin matuƙin jirgin ruwa mai ƙafar katako. Kowane lokaci yaran na ganinsa su gane shi, kowane lokaci manya su ce kai yara, ai wannan ba shi ba ne.

Abu Fatima:
Assalamu alaikum. Ban karanta littafin ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Amma da na ji an ce mai riƙon marainiya yana neman aurenta don dukiyarta, sai gabana ya faɗi, domin wannan ba ƙirƙirar Bature ba ce. Aya ta 3 a Suratun Nisa'i, wadda kowa ya haddace saboda maganar mata biyu da uku da huɗu, da maganar marayu ta fara. A cikin Bukhari, Urwa ya tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, game da ayar, ta bayyana masa cewa marainiya ce da ke hannun waliyyinta, dukiyarta da kyanta su ba shi sha'awa, ya so ya aure ta ba tare da ya yi mata adalci a sadaki ba, shi ne aka hana su. Aya ta 6 ta ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu, kuma a kafa shaidu. Aya ta 10 ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu.

Abin nufi, Alƙur'ani bai ɓoye wa kowa cewa akwai irin waɗannan mutane ba, kuma yaranmu na karanta surar a islamiyya. Abin da zan ce wa Maman Haidar shi ne, in har za ki bar shi, kar ki bar shi shi kaɗai da littafin. Labarin da aka ce babu Allah a cikinsa, babu hisabi, yaro na iya ɗauka cewa wanda ya tsere wa 'yan sanda ya tsere ke nan. Wannan gurbin ke za ki cike shi.

Hajiya Kaka:
To ka ji magana. Abin da nake nufi ke nan, Malam Abu ya fi ni iya faɗa.

Malamin Turanci:
Na yarda da cike gurbin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙasan akwati. Kuma Hajiya, tatsuniyoyinmu ma fa ba su da sauƙi. Dodo na haɗiye yarinya, kishiyar uwa na aika 'yar mijinta kogi mai nisa wanke ƙirgi don ta hallaka, ana jefa yaro a rijiya. Da dare ake faɗa mana, ga duhu, mu kwana muna ƙanƙame juna.

Hajiya Kaka:
Amma kaka ce ke faɗa, kana jingine da cinyarta. In ta ga ka tsorata sai ta sassauta. Littafi ba ya ganin fuskar yaro.

Malamin Turanci:
Wannan kam kin kayar da ni, Hajiya.

'Yar Marigayi:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Bari in faɗi nawa, don ni abin ba labari ba ne a wurina.

Ina da shekara 13 mahaifinmu ya rasu, mu huɗu ya bari, ni ce babba. Ya bar gida da gonaki biyu da shago a kasuwa. Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna a zaure suka ce ƙanensa ya riƙe komai har mu girma. Babanmu ƙarami ba mashayi ba ne, ba ya zagi, sahun farko yake sallah. Wata rana an aike ni kai masa abinci, na tarar da shi da wasu mutum biyu a kan tabarma, ga takardar gonar rafi a gabansu, na gane ta saboda tana da tabon manja a gefe, tun Baba na da rai nake ganinta a cikin jakarsa ta fata. Ana ƙirga kuɗi ana ɗaure su da roba. Da ya gan ni sai ya ja gefen babbar rigarsa ya rufe.

Na gaya wa innarmu, ta ce in rufa mata asiri, tana takaba ba ta son fitina. Na je wurin wani dattijo abokin Baba, wanda shi ya yi masa wanka. Ya saurare ni, ya ba ni naira ashirin, ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki san me kika gani ba, baffanki ba zai cuce ku ba." Washegari baffan ya kira ni ya ce ya ji ina yawo da shi a gari. Dattijon ne ya gaya masa, wai don a gyara tsakani.

Da na kai shekara 24 aka zo rabo, gona ɗaya aka samu, shagon kuma an ce bashi ya cinye. Na yafe wa baffana tuni, ya ma rasu, Allah ya ji ƙansa. Amma dattijon nan har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Bai ci ko sisi ba. Kawai dai bai ga dalilin da zai tashi daga kan buzunsa ya je ya duba ba, saboda mai maganar yarinya ce.

Fim ɗin na gani, na 2004 wanda Jim Carrey ya fito a Olaf, tare da 'ya'yana. Su suna ta dariyar Olaf, ni kuwa duk lokacin da ma'aikacin bankin nan ya bayyana sai in ji ina son in kashe talabijin ɗin. Maman Haidar, da a ce ina 'yar 13 wani ya ba ni littafin da ya nuna cewa babba na iya zama mai kirki kuma ya yi kuskure, da ban shekara goma ina zargin kaina da cewa ni ce na ga ba daidai ba.

Abu Fatima:
Innalillahi. Allah ya saka muku, 'yar uwa. Shi ya sa ayar ta ce a kafa shaidu. Mu kuma mun mayar da rubutu da shaida kamar rashin yarda da ɗan uwa, sai a ce ai duk gida ne.

Hajiya Kaka:
Allah sarki 'yar nan. Kin sa ni hawaye. Na san irin zaman zauren nan, na ga ya fi sau biyar a danginmu, kuma ban taɓa ganin an kira yaran an tambaye su wurin wa suke so ba. Ni dai har yanzu maganar auren nan ce ba ta kwanta mini ba ga ɗan shekara 11.

Ummu Sadiq:
Hajiya, ni ma a nan na tsaya lokacin da 'yata ta karanta. Amma gaskiya babu batsa ko kaɗan, an nuna abin a matsayin ƙazanta da zalunci, kowa a zauren wasan ya firgita da aka gane. 'Yata ta tambaye ni ko ana iya yi wa mutum aure bai sani ba, muka zauna muka yi maganar waliyyi da yarda da shaidu, maganar da na daɗe ina neman hanyar buɗe ta. Abin da zan ja kunne a kai daban ne: daga na biyu mutane na mutuwa, mutanen da yaro ya riga ya so. Kawu Monty bai kai ƙarshen littafinsa ba. Sannan daga tsakiyar jerin labarin na rikiɗewa, ana shiga sirrin wata ƙungiya mai haruffa uku, V.F.D., yaran da kansu su fara yin ƙarya da ɓad da kama don su tsira, har su riƙa tambayar kansu ko sun zama irin Olaf. Wannan ɓangaren na fi ganin ya dace da ɗan 13 zuwa sama. Ukun farko dai, ɗan 11 mai tambaya irin Haidar zai iya.

Sarkin Zolaya:
Ni na Netflix na kalla, wanda aka fara a 2017 aka gama a 2019. Ina da ƙorafi ɗaya: littafi goma sha uku, mutum ɗaya, gira ɗaya, a ce babu wanda ya taɓa cewa malam ɗaga wandonka mu ga idon sawu? A unguwarmu da tuni yara sun bi shi da waƙa.

Ɗan Damagaram:
Ai an ɗaga, Sarki. A na biyu hoda ya shafa ya rufe zanen, Mista Poe ya duba ya ce babu komai. Sai can ƙarshe aka goge da hankici zanen ya fito. A na uku kuma Sunny ce ta gatsa ƙafar katakon ta tsage, ƙafar gaske ta bayyana. Jaririya mai haƙora huɗu ta fi ma'aikacin banki bincike.

Sarkin Zolaya:
To a ba Sunny aikin bankin kawai.

Malamin Turanci:
Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan muhawarar a kan littafin Turanci muke yi. Yaro ɗan firamare da ke son labarin bincike da Hausa, mai babi-babi, wanda yara ne jarumai, me za ka miƙa masa? Kasuwar littattafanmu ta fi karkata ga manya. Ga labarin 'Yar Marigayi nan, takarda mai tabon manja, kuɗi a roba, dattijo a kan buzu. Wanda ya iya alƙalami ai ya samu babi uku.

'Yar Marigayi:
Malam, in za a rubuta a sa yarinyar ta sami wanda ya tashi ya je ya duba. Ko mutum ɗaya ne.

Maman Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da ya faru. Ɗazu bayan magariba na kira Haidar na zaunar da shi, na tambaye shi wa ya fi ba shi haushi a littafin. Ko tunani bai yi ba ya ce mai tarin nan. Na ce me ya sa ba Olaf ba? Ya ce ai shi Olaf an san mugu ne. Daga nan ya yi shiru yana wasa da bakin tabarma, can ya ce, "Mama, in na gaya miki wani babba ya yi abu, ba za ki je ki gaya masa na faɗa ba?" Na ce ba zan je ba. Ya ce to akwai maganar da zai gaya mini kan mai kai su makaranta, ashe watanni biyu ke nan mutumin na karɓe rabin kuɗin tara na ƙanensa yana cewa in ya faɗa zai bar shi a hanya. Babansu ya fita yanzu zai je ya same shi.

Hajiya Kaka, na ɗauki rabin shawararki. Na fito da na biyu daga akwati, amma a falo za a karanta, babi ɗaya kowane dare, shi yana karantawa da ƙarfi ni ina tsince shinkafa ina kallon fuskarsa. Na ukun yana nan a ƙasan akwatin tukuna. Ummu Sadiq, a wane babi ne kawun ke rasuwa? Ina so in shirya kafin mu kai wurin.